Hannun Bara'atu da Akwatin Siddiƙu

Shekara arba'in da wani abu Bara'atu na yi mani kitso, kuma ban tuna ranar da nit tashi daga tsakanin ƙafafunta ban zage ta ba. Hannunta tsanani gare shi. In ta kama gashin goshinki sai girarki ta hau sama, ki kwana biyu kina duban mutane awa wadda anka ba labarin mamaki. Amma kitson sai shi yi wata biyu bai tashi ba, ko da kina aza tulu bisa kai safe da marece. Shi yas sa muke zagi muna komowa.

'Yar Dinawa ce. Anka kawo ta garinmu, nan bakin Rima tsakanin Wurno da Goronyo, gidan Malam Abdulƙadiri, Allah shi jiƙan shi, shekara guda bayan an kawo ni gidan da ke jingine da nasu. Katanga ɗaya tar raba mu, ita ma ta zube tun wata ambaliya kafin a gina dam, ba wanda yad damu shi tada ta. Ni Kyauta, bakina shi ke riga ni isa ko'ina. Ita ko Bara'atu sai ta auna magana awa kanwa kafin ta jefa. Mutane na mamakin abin da yah haɗa mu. Ba wani abu ba ne. Ni ina son mai saurare, ita tana son labarin gari ba tare da ta fita nemanai ba.

Gidan malamai ne, kunya gare su har ta yi musu yawa. Ɗanta na fari sunanai Siddiƙu. Kowa ya san uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta sakin fuska da shi. Mu ma duk mun yi, amma in tafiya ta yi tafiya mukan sassauta. Ni nawa ɗan farin har da muciya na taɓa bin shi. Bara'atu ba ta sassauta ba ko da rana ɗaya. Tun da anka yaye yaron gwaggonai taɗ ɗauke shi zuwa Wurno, can yat tashi, can anka sa shi boko. In ya zo gaisuwa shi durƙusa bakin ƙofa, ita ta juya fuska ga bango ta ce "uhm", an gaisa ke nan. Kuma da yake Siddiƙu Abubakar ne, duk wani Abubakar na garin ga, da Garba da Buba, sun rasa sunansu a bakinta. Garba mahauci ya tsufa ya mutu tana kiran shi "mutumin gindin tsamiya". Sauran ɗiyanta huɗu ko tana yi musu faɗa, tana dariya da su, awa kowace uwa.

Da anka gama dam na Goronyo anka fara sako ruwa da rani, maza sunka daina tafiya cin rani, sunka duƙufa ga albasa. Inda albasa tay yi kyau aure shikan yi yawa, inda aure yay yi yawa makitsiya ba ta zama. Daga Rabah har Goronyo aiko ma Bara'atu ake. Lokacin Malam ya rasu, ɗiya sun watse gidajensu. Kitson nan shi ne cinta, shi ne hirarta, shi ke cika mata tsakar gida da mata tun hantsi har la'asar. Tsofaffi ta yi musu doka, 'yan mata shuku da kalaba, kowace ta tashi tana dafe da goshi.

Wata Laraba tana komowa daga kitson amarya a ƙetaren kanal, magudanar da ke kai ruwan dam gonaki, tat taka siminti mai gansakuka, santsi yak kwashe ta. Dantsen dama yak karye. Maccido maɗori yaɗ ɗora, kuma ban ga laifinai ba, ƙashi ya kama sumul. Amma ran da anka kwance karan ɗori, hannun yar rataya daga wuyan hannu awa kan kazar da anka yanka. Tana iya damƙe abu. Ɗaga hannun da buɗe yatsu su ne sunka gagara. Anka shafa man shanu, anka shafa man kaɗanya, anka yi tofi, tash sha rubutu. Wata guda cur, ba canji.

Mata sunka koma wurin Habi ta bayan masallaci. Ni ma na je sau ɗaya, ban ɓoye ba. Kitson da tay yi mani kwana uku yay yi, ran na huɗu ko akuya tag gan ni sai ta daina tuƙa. Tsakar gidan Bara'atu tay yi tsit. Ba ta yi kuka ba, ba irin masu kuka ba ce. Amma na ga ta zare tsinken kitsonta daga zanan da take soke shi, taj jefa cikin tsohuwar kwalla tar rufe.

Siddiƙu lokacin shina aiki a wani asibiti a Sakkwato, sashen da suke kira gashin ƙashi, inda ake koya ma shanyayyun gaɓoɓi aiki. Ni nis sa anka aika mishi, don ita ko hannun zai ruɓe ba ta aikawa. Ran Asabar sai ga shi bisa babur, da wani baƙin akwati ɗaure a baya, wanda yar roƙo aro wurin shugabansu. Cikin akwatin akwai inji kamar rediyo, mai aiki da batir, da waya biyu, ja da baƙa, da wata 'yar allura mai rawa bayan gilashi.

Da yake ba shi iya yi ma uwatai bayani, ni yay yi ma, da ƙarfi yadda za ta ji daga ɗaki.

"Gwaggo Kyauta, jijiyar da ke ɗaga hannu ta jikin ƙashin da yak karye tab bi. In buguwa tay yi, tana farfaɗowa da kanta sannu-sannu. In ko tsinkewa tay yi, sai wuƙa."

"To wanga rediyon fa? Waƙa za shi yi mata?"

"Naman hannun za shi riƙa tadawa, kada shi yi barci shi ƙanƙance kafin jijiyar ta iso. Awa kanal na, Gwaggo. In ba a yashe shi ba, ran da anka sako ruwa ba su samun hanya."

"Ka ji ɗan boko. Yau kuma uwarka ta zama kanal."

Yaj jiƙa tsumma biyu da ruwan gishiri, yan naɗe wasu 'yan ƙarafa masu faɗi da ke bakin wayoyin, yaɗ ɗaura mata a bayan hannu ƙasa da gwiwa. Ita ta miƙo hannun gefe awa na aro ne, fuska na ga bango. Shi ko yad duƙa, yak kafa ido ga allura.

"Inna, za ni murɗa kaɗan-kaɗan. In kin ji tsikari ki faɗi. In ya yi zafi ki faɗi."

Yam murɗa. Shiru. Yaƙ ƙara. Shiru. Yas sake ƙarawa.

Ina zaune bakin ƙofa ina tsintar wake, ina ganin yatsun ƙafar Bara'atu na tonon tabarma har kaba tat tsinke. Zufa na bin wuyanta. Ban ce komi ba, don ni a sanina maganin da ba shi da zafi ruwa ne. Da yak kwance tsumman, wurin ya yi jajur. Kafin marece ƙuna ta tashi, bororo biyu.

Yak kira ni zaure, fuska duk ta zube.

"Gwaggo, na kai wutar ga inda ƙaton namiji ka ihu a asibiti. Fata ta ƙone ba ta ji ba. Jijiyar ta tsinke. Injin ga ba shi da sauran amfani, sai a kai ta Sakkwato a tsaga hannun."

Ni ko na san Bara'atu. Ta sha faɗi ita da wuƙar likita sai dai in ba ta numfashi. In an ce sai wuƙa, to hannu ya tafi ke nan, kitso ya tafi.

Nic ce, "Siddiƙu, shekarunka nawa?"

"Talatin da takwas."

"Cikin talatin da takwas ɗin ga, kalma nawa matar can tat taɓa gaya maka?"

Nis sake tambayar shi:

"Da kana murɗawa, ka dubi fuskarta?"

"Haba Gwaggo, ina ni ina duban fuskar Inna?"

"Ƙafarta fa? Ita ma kunyarta kaka ji? Ta kusa huda tabarma da babban yatsa. Matar da tah haife ka ba ta ce wash ba, ina ɗakin, ni nir riƙe ta. Ita za ta ce maka zafi don ka ɗaura mata tsumma? Kai kana duban allura, ita tana duban bango, ku biyu kun taru kun soya hannu don kunya. Wai shin karatun birnin ga, sai an kwashe hankalin da mutum yat tafi da shi kana a zuba sabo?"

Yaz zauna bisa dakali yar riƙe kai. Can sai nij ji shina dariya, irin wadda ke zuwa da ruwa a ido.

"Ashe tana ji."

"Tana ji har ƙafa."

"Alhamdu lillahi. In tana ji, akwai fata, Gwaggo."

"Akwai dai wadda ba ka ƙona ba."

Sai da anka yi sati biyu ƙunar taw warke. Da yak komo, anka naɗa ni tafinta. Bara'atu ta raɗa mani a kunne, ni in faɗa mishi. Yam murɗa kaɗan.

Tac ce, "Shina tafiya awa kiyashi."

Nic ce, "Ta ce kunama."

Yay yi maza yar rage.

"Ban ce kunama ba," in ji ta cikin raɗa, har da mintsini.

"Kiyashi, kunama, duk cizo na."

"Gwaggo, don Allah abin da tac ce za ki faɗi, kuma lokacin da tac ce. In na rage da yawa aikin banza muka yi."

"To ka samo wadda tay yi boko ta yi maka."

Haka munka yi ta ja. Ana cikin zama na uku sai nih hango akuyata ta tsallako inda katanga taz zube, ta sa baki cikin geron da nish shanya. Nit tashi da gudu ina zaginta da zagin uwarta. Siddiƙu bai san tafinta ta bar aiki ba, tun da ido nai na ga allura. Shina ta murɗawa. Daga tsakar gida nij ji muryar Bara'atu, ba raɗa ba, murya sosai irin wadda take yi ma mai motsi in ana kitso:

"Kai akwatin ga, rage. Ka cika cizo."

Nil leƙo. Ba shi take duba ba, injin take duba, ta haɗe fuska. Siddiƙu bai jira tafinta ba. Yar rage.

"Ƙara kaɗan. To, tsaya nan."

Haka anka kore ni daga aiki ba ko sannu.

Daga ranar, kowace Asabar babur na shigowa da hantsi, shi koma Lahadi. Yas sassaƙa mata wani ɗan katako da ke riƙe wuyan hannun kada shi lanƙwashe, yan nuna mani yadda za ni riƙa miƙe mata yatsu da tausa sauran kwanaki. Ita kuma tana ba akwati umurni, rage, ƙara, tsaya. Ban san ranar da maganar taf fara wuce haka ba. Na dai ji wata Asabar ta ce:

"Kai akwati, wanda ka ɗauko ka ya rame. Ba a ba shi abinci can birni?"

Siddiƙu yac ce:

"Akwati ya ce ana ba shi. Aiki na yay yi yawa."

"A gaya mishi aiki ba shi ƙarewa. Akwai fura cikin ƙwarya, in an gama a sha."

Akwatin ga ya ji abin da ni da nike ƙawarta ban taɓa ji ba. Ya ji yadda Malam yat taɓa faɗawa rijiyar lambu shina bitar karatu. Ya ji wace ce cikin ɗiyanta mata taf fi rowa. An tambaye shi ko Ruƙayyatu matar Siddiƙu ta iya miyar kuka yanzu ko har yau ruwa take kaɗawa. Shi ma shina maido da amsa, wani lokaci har da gardama. Rannan kuma tac ce:

"Kai akwati, shekarar da mai kai, wanda ka ɗauko ka, yay yi ƙyanda a Wurno, shina da shekara shida, ya aza ba wanda yaz zo daga gida."

Allura na ta rawarta.

"An zo. Da ƙafa anka zo, da goyo a baya. Anka sauka gidan maƙwabta, ana jin tarinai ta katanga kwana biyu. Da anka ji ya nemi fura, anka kama hanya."

"Akwati ya ji," in ji Siddiƙu, ko da yake ba da muryar da nis san shi da ita ba.

Ni sai nit tashi nit tafi duba akuyata, wadda ke ɗaure ba ta yi komi ba.

Cikin wata na uku wuyan hannun yaɗ ɗaga da kanshi, kamar kaurin ƙwayar dawa. Siddiƙu yas sa ta sake har sau biyar, shina kabbara. Wata na huɗu manuni yam miƙe, na tsakiya yab bi shi. Daga nan sai abu yat tsaya. Asabar ta zo ta wuce, hannu na nan inda anka bar shi. Wata Asabar ta zo, haka.

Wata Talata nit tsallaka gidanta ba sallama, za ni aron turmi. Nis same ta cikin ɗaki ta ɗaure damin zaren rama a ƙafar gado, tana kitsa shi kalaba ƙanana-ƙanana, hannu biyu, yatsu na gudu awa ba abin da yat taɓa samun su.

"Munafuka," nic ce.

"Rufa mani asiri, Kyauta."

"Tun yaushe?"

"Sati uku."

"Sati uku ina yawo da kan ga awa sheƙar ungulu, ke kina nan kina yi ma gado kwalliya?"

Tas sunkuyar da kai bisa ramar.

"In hannu ya warke, akwati za shi koma asibiti."

Tas sa niɗ ɗauki alkawali ba ni faɗa ma kowa. Nic ce na ɗauka, amma sai ta biya. Tab buɗe kwalla taz zaro tsinke, niz zauna.

Ran Asabar Siddiƙu bai shiga ɗaki ba sai da yat tare ni a zaure. Ido nai ya faɗa.

"Gwaggo, hannun ga ya tsaya. Kusan wata guda ba ci gaba. Na kwana uku ina juya abin. Na yi magana da likitan fiɗa, ya ce a kawo ta Litinin ta sama. Ke za ki lallashe ta."

Kun ji inda wayonta yak kai ta. Wuƙar da take gudu ta biyo ta har gida, ga bawan Allah na ramewa a banza. Amma ni da baki niy yi alkawali, ban yi da kai ba.

"Zafi aka yi yau," nic ce, nit ture kallabina baya kaɗan awa mai neman iska.

Duk wanda yat tashi ƙasar ga ya san kitson Bara'atu. Tsagar awa an ja da zare, kuma akwai wani ɗan lanƙwaso da take yi bisa kunne wanda ba mai iya shi. Matar Siddiƙu ma da shi anka kai mishi ita. Yad daɗe shina duban goshina.

"Gwaggo, wa yay yi miki kitso?"

"Na yi alkawali ba ni faɗi."

"Sabo na?"

"Ba ka ga girata ta kusa kai ƙeya ba?"

Yas shiga. Yaj jiƙa tsumma yaɗ ɗaura kamar kullum, ita kuma tas saki hannu sharaf kamar kullum. Yaz zauna gaban injin, amma na lura bai taɓa abin murɗawa ba. Allura na kwance.

"Kai akwati, yau ba ka da ƙarfi."

"Akwati ya ce aiki nai ya ƙare nan gidan. Ya ce akwai wani direba can asibiti da wata mai jego da ƙafarta tas shanye, suna jiran shi."

Tad dubi injin. Sannan taɗ ɗaga hannun dama, shi kaɗai ba taimako, tag gyara ɗaurin kallabinta da shi, tab buɗe yatsu biyar tam maida.

"Masu jira sun fi mu buƙata. Allah shi ba su lafiya."

Harara ɗaya tay yi mani, irin wadda in da ta kama gero sai shi ƙone. Kwana biyu ba ta amsa sallamata ba. Ran na uku mata sunka cika tsakar gida, ba ta da lokacin fushi. Bayan babban yatsan dai har yau ta ce awa ba nata ba, kuma in sanyi ya sauka sai ta gasa hannun kafin ta fara. Ban ga abin da yar rage ma kitson ba.

Asabar da tab biyo, tun safe tac ce ba ta karɓar kowa, wai kanta ke ciwo. Tas share ɗaki, tas shimfiɗa tabarma, taz zauna tana tsefe ramar nan da tak kitsa. Ni ma ban tafi ko'ina ba. Hantsi yay yi, yaw wuce. Rana ta kusa tsakiya munka ji babur.

Siddiƙu yay yi sallama, yad durƙusa, ya aje baƙin akwatin bisa tabarma yab buɗe. Ba inji, ba waya. Goro ne ciki, da sabulu biyu.

"Gwaggo Kyauta," in ji shi da ƙarfi, "injin ya koma. Shugabanmu ya ce gidan nai ya tsufa, marfin ba shi kamawa, an yi mishi sabo. Nic ce a ba ni wanga."

Bara'atu tad dubi akwatin, tad dubi goron. Taɗ ɗauki ɗaya tab ɓare da hannun dama, tam miƙo mani rabi ba ta dube ni ba.

"Kai akwati, ka yi latti."

"Akwati ya ce taya tas sace a hanya, kusa da Wurno."

"An ce matar mai kai ta kusa sauka. In mace ta, a kawo mani kan da wuri, tun Habi ba ta gan shi ba."

"In namiji na fa?"

"A kai ma wanzami. Mi yah haɗa ni da shi?"